Sunan da Aka Yi Wa Rajista Don a Toshe Shi

Mai karatu, akwai wani suna a intanet da ba a yi shi don ka ziyarce shi ba. Sunan shi ne use-application-dns.net. Mozilla, masu burauzar Firefox, su suka tanade shi a 2019, kuma babban amfaninsa shi ne mai kula da intanet ɗin makaranta ko ofis ya toshe shi. Da zarar an toshe, Firefox ta fahimci saƙon: masu wannan wuri suna so tambayoyinka su bi ta hannunsu.

Toshewar layi ɗaya ce ake rubutawa a cikin na'ura, ba ta cin minti biyu. Amma kafin a iso ga wannan layin sai da aka shafe shekara 36 ana ja-in-ja a kan wa ke da ikon ce maka "babu wannan sunan". Idan kana hawa WiFi ɗin jami'a, ko na ofis, ko na wani shagon kwamfuta a Dutse, to akwai wanda ya riga ya amsa wannan tambaya a madadinka, ko ka sani ko ba ka sani ba. Bari mu bi tarihin daga tushe.

Littafi ɗaya ga kowa

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kowace na'ura da ke intanet tana da adireshi na lambobi, kamar 8.8.8.8. Mu kuma mutane suna muke iya riƙewa. Don haka tun farko dole a sami mai haɗa suna da lamba.

A shekarun 1970, lokacin da ake da ARPANET, kakar intanet, wannan aiki yana cikin fayil guda ɗaya mai suna HOSTS.TXT. Wata mata, Elizabeth Feinler, da ma'aikatanta a cibiyar bincike ta SRI da ke Kaliforniya a Amurka, su ke riƙe da shi. Idan ka jona sabuwar kwamfuta, sai ka aika musu saƙo ko ka buga waya a lokacin aiki, su rubuta sunanka da lambarka. Kowa kuma ya riƙa kwafo sabon fayil ɗin lokaci zuwa lokaci.

Ka ƙaddara a ce duk Jigawa, ƙananan hukumomi 27, littafin sunaye ɗaya ne tal, yana ajiye a wani ofis a Dutse. Duk wanda aka yi wa haihuwa a Birnin Kudu ko Jahun sai ya zo an rubuta, kuma kowane gida sai ya zo ya kwafi littafin gaba ɗaya kowane mako. Yana yiwuwa idan mutane ɗari biyu ne. Da kwamfutoci suka doshi dubu, abin ya fara gagara: fayil ya yi nauyi, kwafin wani ya tsufa, mutum biyu suna son suna ɗaya.

Wannan fayil fa bai mutu ba. Yana nan cikin kwamfutarka da sunan hosts, a Windows da Linux da Mac, kuma galibi shi ake fara dubawa kafin a tambayi kowa.

Mai unguwa, dagaci, hakimi

A watan Nuwamba na 1983, Paul Mockapetris na Jami'ar Kudancin Kaliforniya ya fitar da takardu biyu, RFC 882 da RFC 883, waɗanda suka kafa tsarin da ake kira DNS. RFC jerin takardu ne masu lamba da injiniyoyin intanet ke rubuta ƙa'idojinsu a ciki. A 1987 aka sabunta su da RFC 1034 da 1035, kuma a kansu ake har yau.

Dabarar Mockapetris ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi a masarautar Dutse. Sarki ba ya riƙe sunan kowane magidanci a ka. Ya san hakimansa, hakimi ya san dagatai, dagaci ya san masu unguwanni, mai unguwa kuma shi ya san gidan wane. Haka DNS yake. Ɗauki adireshin Jami'ar Tarayya ta Dutse, fud.edu.ng. Daga dama ake karanta shi. A can sama akwai tushe, wanda ke da sabobi masu sunaye 13, daga harafin a zuwa m, ƙarƙashin hukumomi 12, da kwafi sama da dubu a warwatse a duniya. Tushe bai san jami'ar ba, abin da ya sani shi ne mai riƙe da .ng. Masu .ng su ne za su nuna maka inda bayanan fud.edu.ng suke, can kuma a ba ka lambar.

Wayarka ba ita ke wannan zirga-zirgar ba. Tana da ɗan aike, wato wata sabar sunaye da ke karɓar tambayarta, ta je ta bi matakan nan, ta dawo da amsa, ta kuma ajiye amsar na ɗan lokaci saboda mai tambaya na gaba. Idan da data kake, ɗan aiken na kamfanin layinka ne. Idan WiFi ne, galibi rautar wurin ce ke ba ka shi ba tare da ta tambaye ka ba. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, to amma sharaɗin shi ne wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Najeriya ta sami nata .ng a 1995. Uwargida Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba ce ke kula da shi ta fuskar mulki, amma ɓangaren na'urori a birnin Pisa na Italiya yake a farkon lamari. An kafa NiRA, ƙungiyar da ke kula da .ng yanzu, a 2005, kuma a 2009 aka miƙa mata ragamar a hukumance. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta 1991, ta girmi .ng da ƙasa da shekara huɗu.

Tudun Wadar ina?

Ka rubuta wasiƙa, a bayan ambulan ka sa "Tudun Wada" kawai. Idan yaron maƙwabta ka ba, ya san inda kake nufi. Idan ta faɗa gidan waya fa? Akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Gusau, akwai ƙaramar hukuma guda mai wannan suna a Kano. Ko Dutse ɗin ma, wanda ya ce maka "ina Dutse" daga Abuja, wataƙila Dutse Alhaji yake nufi.

Wannan matsala ce ta addabi intanet. Masu haɗa kwamfutocin ofis suna buƙatar sunayen cikin gida, na firinta, na ma'ajiyar fayiloli, na sabar albashi. Sai kowa ya ƙirƙiri nasa: .corp, .home, .lan, .local. Muddin kwamfutar tana cikin ofis, lafiya lau. Ranar da ma'aikaci ya ɗauki laftof ɗinsa ya tafi gida, sai ta ci gaba da kiran waɗannan sunaye, ɗan aiken waje kuma bai san su ba, sai ya kai tambayar har tushe.

A watan Yunin 1999, wato makonni kaɗan bayan Najeriya ta koma mulkin farar hula, Donald Eastlake da Aliza Panitz suka fitar da RFC 2606. Takardar ta keɓe sunaye huɗu da ba za a taɓa sayar wa kowa ba: .test don gwaji, .example don misali a littattafai, .invalid don sunan da ake so kowa ya san ba na gaske ba ne, da .localhost don na'ura ta kira kanta. Ta kuma keɓe example.com da example.net da example.org. Kamar filin makabarta ko na idi ne a gari, an shata shi, ba mai gini a kai.

A Fabrairun 2013 aka ƙara RFC 6761, wadda ta faɗi yadda ɗan aike zai yi da irin waɗannan sunaye. Idan aka tambaye shi wani abu da ya ƙare da .invalid, kada ya wahalar da kansa ya je tushe, nan take ya ce babu. A wannan watan ne aka keɓe .local don na'urorin da ke ɗaki ɗaya su riƙa gano juna da kansu, kamar yadda wayarka ke ganin firinta. A 2015 aka keɓe .onion na manhajar Tor, da umarnin cewa ɗan aike ya ce babu, don kada sunan shafin da mutum ke son ziyarta a ɓoye ya tsiyaya zuwa waje. A 2018 aka ba gidaje home.arpa. A Yulin 2024 hukumar ICANN ta keɓe .internal don amfanin cikin gida na ofisoshi da makarantu.

Me ya sa aka damu haka? Saboda an ga abin da ya faru da waɗanda suka yi gini a filin da ba nasu ba. A 2012 ICANN ta buɗe ƙofar neman sababbin ƙarshen sunaye, aka shigar da takardun nema 1,930. Cikinsu akwai masu son .corp da .home da .mail. Da aka duba tambayoyin da ke isa tushe, sai aka tarar .home da .corp suna kan gaba cikin sunayen da babu su amma ake ta kira. Da an sayar, mai sayen zai riƙa karɓar saƙonnin cikin gida na kamfanoni bila adadin. A 2018 ICANN ta yanke cewa ba za a ci gaba da neman waɗannan ukun ba.

Labarin corp.com ya fi ban tsoro. Wani Ba'amurke, Mike O'Connor, ya yi wa sunan rajista tun 1994. Daga baya kamfanoni da yawa masu amfani da Windows suka sa wa tsarinsu na ciki suna "corp", suna bin misalin da suka gani a tsofaffin saituttukan Microsoft. Idan kwamfutocinsu suka fita waje, sai su riƙa lalube a corp.com. Wani mai bincike, Jeff Schmidt, ya sa ido a kan sunan na wasu watanni a 2019, ya ga kwamfutoci sama da 375,000 suna ƙoƙarin miƙa masa bayanai, har da yunƙurin shiga da kalmar sirri. O'Connor ya sa shi a kasuwa a kan dala miliyan 1.7, a Afrilun 2020 Microsoft ta saye shi don kada ya faɗa hannun ɓarayi.

Masu rubuta manhaja ma sun sha tasu. Shekaru suna gwaji da .dev a kwamfutocinsu, suna ganin ba na kowa ba ne. Google ta mallake shi, kuma a ƙarshen 2017 burauzar Chrome ta fara ƙin buɗe duk wani .dev da ba shi da kariyar HTTPS. Mutane suka wayi gari shafukan gwajinsu sun daina buɗewa, alhali .test yana nan kyauta tun 1999. Suna linzami ne, wanda ya riƙe shi shi ke juya dokin.

Darajar kalmar "babu"

A yaren DNS, amsar "babu wannan sunan" ana kiranta NXDOMAIN. Za ka ɗauka ba ta da wani muhimmanci, har sai ka ga abin da ya biyo bayan ranar da aka taɓa ta.

Ranar 15 ga Satumba 2003, kamfanin VeriSign mai riƙe da .com da .net ya ƙaddamar da wani abu da ya kira Site Finder. Duk sunan da ka yi kuskuren rubutawa, maimakon a ce maka babu, sai a kai ka shafin kamfanin mai ɗauke da tallace-tallace. Nan da nan abubuwa suka rikice. Manhajojin tace saƙonnin banza, waɗanda ke duba ko sunan mai aikowa na gaske ne, suka ga kowane suna ya zama na gaske. Masu manhajar BIND suka fitar da gyara cikin kwanaki don ɗan aike ya yi watsi da amsar ƙarya. ICANN ta matsa, ranar 4 ga Oktoba aka dakatar da shi.

Sai dai kamfanonin intanet da yawa a duniya sun ga kuɗi a dabarar, suka ci gaba da yin ta a kan 'yan aikensu. Wannan ya sa masu Chrome suka saka mata wata al'ada: duk lokacin da ta tashi, sai ta ƙirƙiri sunaye uku na shirme, haruffa 7 zuwa 15, ta tambaya. Idan aka ba ta lamba, ta san ɗan aiken nan maƙaryaci ne. Ka lissafa yawan masu Chrome a duniya. A 2020 wani injiniyan Verisign, Matthew Thomas, ya nuna cewa kusan rabin tambayoyin da ke isa tushe waɗannan sunayen shirmen ne. Sai da aka gyara Chrome kafin nauyin ya sauka. Ƙaryar da wasu suka yi don talla, tushen intanet gaba ɗaya ne ya ɗauki dakonta.

A ɗaya gefen kuma, an gano cewa ɗan aike na iya cewa babu da gangan don kare mutane. A 2010 Paul Vixie da Vernon Schryver suka fito da RPZ, hanyar ba ɗan aike jerin sunayen da zai ƙi amsawa, kamar shafukan damfara da masu yaɗa cutar kwamfuta. Makarantu suka ɗauka don toshe batsa da caca. Manhajar Pi-hole ta kawo irin wannan cikin gidaje don toshe talla, abin da ke rage cin data. Wuƙa ɗaya ce dai, da ita ake yanka rago, da ita ake ta'adi.

Ranar da gwamnati ta ce babu

A Maris na 2014 gwamnatin Turkiyya ta toshe Twitter, kuma ta fara ne da umartar 'yan aiken kamfanoni su daina ba da amsar gaskiya. Mutane suka gano cewa canza ɗan aike kawai ya isa. Aka riƙa rubuta 8.8.8.8, lambar ɗan aiken Google da aka buɗe wa kowa tun 2009, da fenti a bangon gine-gine. Cikin kwanaki kamfanonin ƙasar suka fara tare hanyar zuwa wannan lamba ita ma, suna amsawa da sunan Google. A farkon Afrilu kotun tsarin mulki ta ce toshewar ta saɓa doka.

Namu ya zo a 2021. Ranar 4 ga Yuni gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter, washegari kamfanonin waya suka aiwatar. Kalmar VPN ta shiga bakin wanda bai taɓa jin ta ba. An yi kwana 222 kafin a buɗe ranar 13 ga Janairu 2022, kuma sanarwar buɗewar ta fito ne daga shugaban NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejia, wanda ya jagoranci kwamitin fasaha na tattaunawa da kamfanin. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Toshe suna ɗaya ce kawai daga hanyoyin rufe shafi, ana iya toshe lambar kanta ko a datse haɗin a tsakiya. Amma ita ce mafi arha, shi ya sa take saurin zuwa hannu.

Ambulan da kanari

Akwai wani rauni da DNS ya taso da shi tun 1983: tambayoyinsa a buɗe suke tafiya, kamar wasiƙar da ba a liƙe ba. Ko da shafin da ka shiga yana da kariya, mai WiFi da kamfanin layi suna ganin sunansa. Ka yi tunanin wanda ke neman bayani a kan wata cuta da yake jin kunyar faɗa, ko ɗan jaridar da ke bin wani zargi. Bayan tonon asirin da Edward Snowden ya yi a 2013, injiniyoyin intanet suka fitar da RFC 7258 a 2014, inda suka ayyana leƙen asirin jama'a baki ɗaya a matsayin hari. A 2016 aka fito da hanyar kulle tambayoyin DNS mai suna DoT, wadda ita ce ke bayan saitin DNS na sirri da ke cikin wayoyin Android tun daga Android 9. A Oktoban 2018 aka fito da DoH, RFC 8484, wadda ke cusa tambayar cikin zirga-zirgar shafuka ta yau da kullum, ta yadda mai tsaron ƙofa ba zai bambance ta cikin sauƙi ba.

Da Mozilla ta ce za ta kunna DoH da kanta, ta riƙa aika tambayoyin masu Firefox zuwa Cloudflare, sai rigima ta tashi. A Yulin 2019 ƙungiyar kamfanonin intanet ta Birtaniya ta sa Mozilla cikin jerin waɗanda za ta ba lambar "mugun intanet" na shekara, daga baya ta janye saboda surutu. Ƙorafin nasu yana da ƙamshin gaskiya ta wasu fuskoki. Matatar da iyaye da makarantu suka kafa za ta daina aiki. Sunayen cikin gida za su iya fita waje. Sannan tambayoyin miliyoyin mutane za su taru a hannun kamfani ɗaya na Amurka. Hujjar Mozilla ita ma ba ta wasa ba ce: wasu kamfanonin layi suna tattara waɗannan bayanai suna kasuwanci da su.

Sulhun da aka yi shi ne sunan da muka fara da shi. Turawa suna kiransa sunan kanari. A ƙarshen ƙarni na 19 masanin kimiyya John Scott Haldane ya ba da shawarar masu haƙar kwal su riƙa shiga rami da ƙaramar dabba ko tsuntsu, don iskar guba takan kayar da shi kafin ta kayar da mutum, kuma a Birtaniya sai a 1986 aka daina amfani da kanari. Kamar dai a zura fitila cikin tsohuwar rijiya ne kafin mutum ya sauka. Firefox takan tambayi ɗan aiken wurin wannan suna. Idan ya kawo lamba, sai ta kunna DoH. Idan ya ce babu, sai ta haƙura ta bi ta hannunsa. An fara kunna DoH kai tsaye a Amurka ranar 25 ga Fabrairu 2020, Kanada ta biyo a 2021, Rasha da Yukren a 2022.

Apple ma ta bi wannan sawu a 2021 da tsarinta na Private Relay. Wurin da ba ya so, sai ya ce babu ga mask.icloud.com da mask-h2.icloud.com, wayar kuma ta sanar da mai ita cewa wannan WiFi ɗin bai yarda da tsarin ba.

Layin kansa

Ga mai amfani da manhajar Unbound, abin da ake rubutawa shi ne:

local-zone: "use-application-dns.net" always_nxdomain

Ga mai dnsmasq, wadda ke cikin rautoci da yawa:

server=/use-application-dns.net/

Pi-hole tana zuwa da wannan a shirye. Abin lura shi ne amsar ta zama "babu" tsantsa. Idan ka mayar da sunan zuwa wata lamba, ko shafin gargaɗi na makaranta, Firefox na iya ɗauka an amsa mata. Idan kuma ka sa ɗan aike ya yi gum, na'urori za su tsaya jira, mutane su ce intanet ɗinka ba ya sauri.

Ka kuma san iyakarsa. Kanari roƙo ne, ba katanga ba. Wanda ya shiga saiti ya kunna DoH da hannunsa, Firefox ba za ta saurari kanari ba. Chrome ba ta amfani da shi, nata salon shi ne ta duba ko ɗan aiken da kake da shi ya iya DoH, in ya iya ta koma masa a kulle. Mai VPN kuwa ya wuce ka gaba ɗaya. Mozilla ma ta faɗa tun farko cewa idan aka riƙa amfani da sunan ta hanyar da ba ta dace ba, za ta sake duba lamarin.

Kana iya gwada wurin da kake yanzu. A kwamfuta, buɗe tagar umarni ka rubuta nslookup use-application-dns.net. Idan aka ce babu, masu wurin sun sa kanari. Sannan ka gwada nslookup dutse.invalid. Wannan dole a ce babu. Idan ka ga lamba, to ɗan aikenka yana yi maka ƙarya, kuma ya kamata ka tambayi dalili.

Abin da ya rage gare mu

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, jihar ta yi suna wajen zuba jari a fasahar sadarwa, da cibiyar Informatics ta Kazaure da kamfanin Galaxy a Dutse. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, abin da ya sa cibiyoyin jarrabawa suka yawaita, kowace da kwamfutoci masu yawa a haɗe. Duk inda aka haɗa kwamfutoci, akwai wani matashi da aka ce wa "kai ne ka iya, saita mana". A hannunsa wannan iko yake.

Idan kai ne shi, tarihin nan ya bar maka darasi. Kada ka ƙirƙiri ƙarshen suna daga kanka. Yi amfani da .internal ko home.arpa, ko wani reshe na sunan da hukumarku ta mallaka a ƙarƙashin .ng, .test kuma don gwaji. Ka tabbata ɗan aikenka yana amsa keɓaɓɓun sunaye a cikin gida, ba ya fitar da su. Unbound tana yin haka da kanta ga da yawansu.

Game da kanari kuwa, ga ra'ayina. Makarantar sakandare da ke tace abin da yara ke gani tana da hujja. Asibiti ko ofis mai sunayen cikin gida yana da hujja. Ɗakin jarrabawa ma haka. Amma wanda ya sa kanari ya ɗauki amana, domin ya ce wa mutane su bar ambulan ɗinsu a buɗe a gabansa. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa shi ne ya rubuta a fili cewa ana tace wannan WiFi ɗin, ya faɗi irin abin da ake toshewa, ya faɗi ko ana ajiye tarihin tambayoyi da tsawon lokacin da ake ajiye shi. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, kuma jerin shafukan da mutum ya nema yana faɗin abubuwa da yawa a kansa, daga lafiyarsa har siyasarsa. Mai shagon da ya sa kanari don kawai ya ga inda kwastomominsa ke shiga, ba shi da abin da zai kare kansa da shi.

Idan kuma kai mai hawa ne kawai, shiga saitin wayarka ka nemi wurin DNS na sirri, ka ga abin da aka zaɓa maka. Ka sani cewa canza ɗan aike canza wanda ka ba amana ne, daga kamfanin layinka ko mai WiFi zuwa Google ko Cloudflare ko Quad9, kowanne da nasa sharuɗɗan da ya kamata ka karanta. Zaɓin naka ne, in dai ka san akwai shi.